Ranar da Marwa Ya Je Sayen Fili

Marwa ba ya shan ruwan rijiyar da bai leƙa ba. A wata ruga bayan Garu aka haife shi, a bayan shanu ya girma, a bayan shanu furfura ta same shi. A kasuwar Illela ta Lahadi, in dillali ya yabi sa, sai Marwa ya buɗe bakin san ya duba haƙora. In aka rantse masa kuwa, sai ya ƙara ja da baya, don a ganinsa gaskiya ba ta neman rakiyar rantsuwa.

Tsoro ne ya kai shi ga tunanin ƙasa. Shekarun nan ɓarayin shanu sun kore garken maƙwabta, mutum ya kwana da dukiya ya wayi gari daga shi sai sanda. Matarsa Lubabatu, mai kai nono cikin gari, ita ta kawo masa maganar. Ta ce 'yan kasuwa yanzu fili suke saye, su gina shaguna, fataken da ke ƙetarawa Kwanni su kama haya.

"Shago ba shi haihuwa," in ji Marwa.

"Ba a kuma kora shi cikin daji, Malam," ta ce.

Maganar ta zauna masa kamar ƙaya a tafin ƙafa. Bashin banki mai ruwa ko a mafarki ba ya taɓa shi. Hanya ɗaya ce: ya sayar da rabin garken, shanun da ya san uwayensu da kakanninsu.

Ya nemi Mannir, dillalin filaye, ɗan marigayi mai masaukinsa na kasuwar shanu. Mannir ya goya shi a babur suka bi hanyar Amarawa. Marwa ya daɗe bai bi nan ba. Inda ya san gonakin gero, yanzu gidan mai ne da katangun bulo. Tsakanin wasu katangu biyu babur ya tsaya.

"Baffa, dibi wuri! Jerin shaguna ne ka tsayawa nan. Ga arha kamar kyauta."

Kalmar arha ce ta fara tayar masa da hankali. Ya dubi filin: siriri, dogo, ba ya da faɗin kirki.

"Mi ya sa shi tsawo haka, kamar macijin da an ka miƙe?"

"Kai Fulani! Ko Aljanna an ka nuna muku sai kun tambayi ina ƙofar baya."

Marwa bai yi dariya ba. Ya tsuguna ya soka sanda. Ƙasar ta ƙi, tauri gare ta kamar daɓen ɗaki, baƙa, ba irin jan yashin gonakin wurin ba. Ya murza ta, ya kai hanci. Tsohon kashin shanu ne. Ya taka har ƙarshen katanga, sai ga wani gawo mai karkata, bayansa gangare ya sauka ya nufi tafkin Kalmalo. Nan ya gane wurin. Ta ƙarƙashin gawon nan mahaifinsa ke kora shanu shan ruwa, ta nan shi ma ya kora nasa.

"Mannir, wanga burtali na."

Mannir ko kunya bai ji ba. "Burtali ya mutu, Baffa. Na dama da na hagu ma daga jikinshi an ka yanko musu. In ba ka saye ba, wani ka saye kafin Juma'a."

"Wa ad da shi?"

"Wani alhaji."

"Shi wa ya saida mishi?"

"Magada."

"Magadan wa, ɗan nan? Saniya ta bar wasiyya?"

Da ƙafa ya koma ruga, yana juya abin. Ya sayar da shanu ya sayi hanyar shanu? In wata rana hukuma ta tuna da burtali ta turo katafila, ba garke, ba katanga. In kuma ba ta tuna ba, shi ne zai zama Bafulatanin da ya toshe wa 'yan'uwansa hanyar ruwa. Duk da haka zuciyarsa na ganin shagunan, masu ƙofofin ƙarfe, waɗanda ɓarawo ba ya korawa.

Mannir ya yi ta zarya, kullum da ragi a bakinsa. Duk ragin da ya yi, sai Marwa ya ƙara riƙe igiyar shanunsa.

Bai saya ba. 'Yan bijimai kawai ya kai kasuwa, ya sayi wani tsohon ɗakin ƙasa kusa da tasha. Ko shi sai da ya tara mai unguwa da maƙwabtan kowane gefe, ya kuma zauna wurin tsohuwa mai ƙosai ta ba shi labarin duk wanda ya taɓa kwana a ciki. Wani tela, Sahabi, ya kama haya. Abin da ɗakin ke kawowa bai kai nonon damina ba.

Filin kuwa wani ya saye. Shaguna sun tashi, an shafa musu shuɗin fenti, buhunan kaya na shiga suna fita. In Lubabatu ta wuce da ƙwarya a ka, sai ta rage tafiya tana kallonsu. Garken Marwa yana nan, amma ta gefen kwalta yake zagayawa zuwa Kalmalo, motoci na yi masa ihu. Katafila ba ta zo ba. Marwa bai fasa jiranta ba, bai kuma san ko dabara ya yi ko asara.

Kowace Lahadi yakan leƙa wurin Sahabi, ya dogara sanda, ya dubi bango sama da ƙasa.

"Ba wanda ya zo ya ce ɗakin ga nashi na?"

"Babu, Baffa."

"To. Ka dai riƙa saurare."