Fakitin da Ya Share Mini Maganar Kawu

A lokacin da abin nan ya faru ni malama ce mai koyar da kwamfuta a wata sakandare a Bagudo, kuma ba zan ɓoye wa masu karatu ba, ina ji da kaina. Na samu wata manhajar rubutu irin wadda mutum ke iya gyara ta yadda ransa ke so, ya ƙara mata ƙananan kayan aiki da jama'a ke ƙirƙira kyauta su zuba a intanet, waɗanda muke ce wa fakiti. Wani ya canza launin shafi, wani ya ƙirga kalmomi, wani ya jera maka babi-babi. Na shiga wani guruf na masu irin wannan sha'awa, inda kowa ke ɗaukar hoton allon kwamfutarsa ya tura a yaba masa, kamar mata ranar jeren amarya.

Aikin da ya sa na nemi manhajar tun farko shi ne tarihin gidanmu. Kawuna, yayan mahaifiyata, yana zaune a Lolo, kuma shi kaɗai ya rage da ya san yadda kakanninmu suka rabu, wasu suka zauna nan, wasu suka tsallaka ƙasar Benin. Duk ranar kasuwa nakan je, in zauna gabansa in kunna waya tana ɗaukar muryarsa, ya yi ta ba ni labari da Hausa yana haɗawa da yaren Dendi, wa ya haifi wa, wace ta auri wa, a wane ƙauye kabarin wane yake. In na dawo in buga a kwamfuta. Wayata ba ta da wuri, don haka duk muryar da na gama bugawa sai in goge ta. Wannan kam laifina ne, na ɗauka.

Amma sauran laifin ba nawa ba ne, kuma shi ya sa har yau raina ke tafasa. Akwai wani a guruf ɗin, ɗan ƙasarmu ne da ke aiki a birni, shi ne kowa ke kira oga. Da na tura hoton allona sai ya yi mini ba'a, wai manhajata ta yi kama da allon makarantar firamare, in bar wahalar da kaina in ɗauki saitinsa gaba ɗaya da fakitocinsa. Na tambaye shi ko akwai abin da ya kamata in kiyaye, don ina da muhimmin rubutu. Ya ce babu komai, mutane da yawa suna amfani da shi, in sauke kawai in sha daɗi. Na sauke. Gaskiya ya yi kyau, har ɗalibaina suka riƙa leƙe. Abin da bai gaya mini ba shi ne, a ciki akwai fakitin da ya rubuta da hannunsa, wanda duk lokacin da aka sabunta yake share duk fayil ɗin da ba nasa ba daga foldar saiti, wato ma'ajiyar da manhajar ke adana tsare-tsarenta. Ni kuwa a cikin foldar nan nake ajiye rubutuna, don ita ce manhajar ke buɗewa da zarar na kunna.

Wata rana da hantsi a ofishin malamai saƙo ya fito a kwamfutata cewa akwai sabon gyara na fakitocin. Na danna. Da na koma neman babin da nake kai, wayam. Na duba kwandon sharar kwamfutar, babu. Na ɗauki kwamfutar a acaɓa zuwa shagon wani bawan Allah ɗan kudu mai gyara a bakin tasha, ya yi iya ƙoƙarinsa har yamma, abin da ya tsamo bai wuce guntayen layuka ba.

Na rubuta a guruf abin da ya faru. Ogan nan ko jaje bai yi mini ba. Cewa ya yi wane mai hankali ne ke ajiye rubutu a foldar saiti, kuma ai ya rubuta gargaɗi a shafinsa, wanda bai karanta ba shi ya so. Na je na duba, layi ɗaya ne da Turanci can ƙasa, bayan hotunan allonsa da godiyar masu yabonsa. Na tuna masa cewa na tambaye shi kai tsaye. Ya ce abin kyauta ne, ba wanda ya biya shi, saboda haka ba wanda zai tuhume shi. Sauran suka bi shi da hotunan dariya. To ni dai a garinmu, ko fura ka ba mutum kyauta, in ka san akwai tsakuwa a ciki sai ka faɗa masa.

Da a ce Kawu na da lafiya, da na koma na zauna mun sake daga farko. Amma kafin wannan ya samu shanyewar ɓarin jiki, bakinsa ya karkace, magana ta ɗauke. Da na je Lolo ya nuna jakata da hannunsa mai lafiya, alamar in karanta masa inda muka kwana. Na kasa faɗa masa gaskiya. Na buɗe kwamfutar na riƙa kawo abin da na tuna kamar karantawa nake yi. Da na zo kan sunan ƙanwar kakarmu ta Benin sai ya girgiza kai. Na canza suna, ya sake girgizawa. Ya buɗe baki yana ta kokawa da harshensa, sunan na nan a kansa amma ya ƙi fita, har hawaye ya gangaro masa.

Don haka nake jan kunnen duk mai sha'awar waɗannan abubuwa. Kada ka ɗora wa kwamfutarka fakitin da ba ka san aikinsa ba don kawai a yaba maka, kuma rubutu mai muhimmanci ka ajiye shi wuri fiye da ɗaya, nesa da inda kake wasa da saiti. Ku kuma masu ƙirƙira, ku ji tsoron Allah, in an tambaye ku ku faɗi haɗarin kayanku. Allona har yanzu yana da kyau, amma ba ni da sunan da zan rubuta a kansa.