Biyar-Biyar da Tayoyin Kwanarmu

Ban taɓa ganin Biyar-Biyar ya zauna minti goma cur ba. Ma'aikatar hanyoyi ta ba shi kujerar roba da lema, amma jakarsa ce ke zama a kujerar. Shi yana kai-komo a bakin kwalta, allon takarda a hagu, fensir a dama. Mota ta wuce, ya ja layi: huɗu a tsaye, na biyar a gicciye. Daga nan sunan ya fito.

Shekara ashirin da uku ke nan yana ƙirga motoci. Kafin nan ya yi shekara tara yana zuba mai a gidan mai, shi ya sa yakan ce ya ga ƙofar da kuɗin titi ke shiga, yanzu yana gadin wadda suke fita. A kowace lita akwai ɗan abin da gwamnati ke cirewa don gyaran hanyoyi, kuma titin da ya fi ɗaukar motoci shi ake fara dubawa. Sai a turo mai ƙirga ya yi kwana bakwai, daga shida na safe zuwa shida na yamma. Titin unguwa sai ya kai mota dubu uku a makon kafin ya shiga jerin gyara.

Titinmu yana da kwana daura da makarantar firamare. Ruwa ya cinye gefenta, har motoci kan karkato su bi inda yara ke tafiya. A nan mota ta buge 'yata ta rasu, tana da shekara takwas, ranar Talata bayan an tashi. Da aka share makoki, ni da maƙwabta muka jera tsoffin tayoyi goma sha huɗu, muka cika su da ƙasa, muka bar wurin wucewar mota ɗaya. Direbobi suka gaji da jira, suka koma titin baya. Ni ma ta can nake fita. Shekara biyu muna rubuta takardar koke, sai ga Biyar-Biyar.

Ranar farko da ya tashi aiki, ya buga ƙofata.

"Malam, an ce kai ne mai tayoyin."

"Ni ne, Baba."

"Allah ya ji ƙan yarinya." Ya sauya ƙafa, sannan ya miƙo allon. "Ɗari da casa'in yau. Ana son sama da ɗari huɗu a rana. Kun kori motocin, kuɗin ya bi su."

"Ka san dalilinmu."

"Ni na sani. Takarda ce ba ta sani ba."

Telan layinmu, wanda ba a magana a ƙofar wani bai sa baki ba, ya leƙo. "Haba Baba, fensir ne fa a hannunka, ba biro ba."

"Kai ma ga almakashi a hannunka. In na ba ka yadi biyar, ka iya mai da shi goma?"

Abin da ya rage ɗaya ne: a kwashe tayoyin kwana shida, motoci su dawo, yara ɗari biyu suna tsallakawa safe da rana. In ba haka ba, sai ƙirga ta gaba, bayan shekara uku. Na tambayi uwar yarana. Ta ci gaba da ninke kayan makarantar ƙaraminmu, ba ta ɗago ba.

Biyar-Biyar ya ce, "Lokacin zuwa da tashi, ni zan tsaya. Ba ya cikin aikina, amma ƙafata ce."

Muka kwashe su da safe.

A kwanakin nan na kasa zama a ofis. Ƙarfe ɗaya tana yi sai in ga kaina a bayan katangar makaranta. Shi kuwa ya ɗaura jan ƙyalle a sandar lema, yana tsakiyar titi, ya tare mota da hannu ɗaya, ya kora yara da murya, bakinsa na motsi da lissafi. Yara na gama wucewa sai ya ruga ga allon ya zuba layuka. Wani direban tipa ya zage shi. Ya ce, "Na gode, ɗana, an rubuta ka."

Matarsa ce ke kawo masa abinci a kwano mai murfi, yawanci ta koma da shi yadda ta kawo. Ta ce mini, "Malam, kada ka wahalar da kanka. Mutumin da ko gidan biki aka je, takalman ƙofa yake ƙirgawa."

Rana ta biyar tela ya shirya da mai burodi, motar burodin ta riƙa zuwa tana dawowa. Biyar-Biyar ya tsayar da ita.

"Sau shida ke nan. Burodin bai sami gidan ba ne? Biyu na rubuta maka, tafiya da dawowa. Sauran kuwa, mai ka ƙona, gwamnati ta gode."

Ranar ƙarshe, shida saura kwata, tela ya shigo yana haki, ya ce saura mota bakwai. Mutanen layi sun fito sun yi cirko-cirko, kowa na leƙen titi. Ina tsakar gida ina zagaya motata sai uwar yarana ta fito da mayafi.

"Abban yara, kai ni wajen Yaya. Tun jiya take jira."

Gidan yayarta yana gaba da kwanar. Na ce, "Ta baya?"

"Ta nan."

Tafiyar ba ta fi taku ɗari biyu ba. Na bi a giya ta ɗaya. Da muka iso kwanar ta ɗora hannu a kan nawa. Biyar-Biyar bai dubi fuskarmu ba. Tayar motar ya duba, ya ja layi.

Dubu uku da huɗu aka tashi. Da na dawo na tarar Biyar-Biyar ya tuɓe riga, shi da tela suna gangaro da tayoyin suna mayarwa. Ya ce, "Kuɗin gwamnati ba ya sauri, gobe kuma akwai makaranta."

Wata goma sha huɗu aka yi kafin ma'aikata su zo. Suka gina magudanar ruwa, suka sa tudun rage gudu biyu da shingen ƙarfe a gefen yara. Bai zo gani ba, lokacin an tura shi wani wuri. Kwanan baya na hango shi a wata mahaɗa, jaka a kujera, shi a tsaye. Na ɗaga masa hannu. Sai da ya ja layina, sannan ya ɗaga fensir.