Ruwan da Muka Ba Baƙi a Wagini

Ana sallame sallar asuba muka bar Katsina, ni da baƙi daga Kaduna, a cikin motar gwamnati. Ɗan kawuna ne ya haɗa mu, shi da ya gama boko ya zama akawu. Ni da na tsaya a aji huɗu, gyaran keke ne rabona. Wai suna son ganin duwatsu da dajin ƙasarmu. Ni ba yawonsu ne ya dame ni ba. Abin da ya sa na rufe rumfata na bi su, babbansu a ma'aikatar ruwa yake, rijiyar garinmu Wagini kuwa ta rufta tun bara. Ruwan tafki ake sha, yayana ma kurkunu ya kwantar da shi. Na ce in mutumin nan ya gani da idonsa, mun samu rijiya.

Hanyar Batsari, Allah ya sawwaƙe. Ana ta cewa ƙasa ta yi kuɗin mai. To, man bai biyo ta nan ba. Rami ya miƙa mu ga rami, har sai da hular direba ta faɗi. A kasuwar Batsari muka karya da koko da ƙosai. Mai ƙosan na ganin takalmansu ta ninka kuɗi. Suka biya suna dariya.

Na nuna musu manyan duwatsunmu, da tsohuwar kukar da fatake ke ya da zango a gindinta, da burtalin da Fulani ke bi da shanu zuwa dajin Rugu ta wajen Safana. Hoto kawai suke ɗauka. Ɗayansu ya ce, "Kai, mutanen nan suna hutawa!"

Rana ta take muka shiga Wagini, maƙogwaron kowa ya bushe. Lokacin da nake jira ke nan: a kawo musu jan ruwan tafkin nan, su kalle shi da kyau. Sai ga goggona, ƙanwar babanmu, da sabuwar ƙwarya, ruwa garai-garai da sanyin randa. Ashe tun jiya direban motar kasuwa ya kai labarin manyan baƙi na tafe. Aka kora jakuna har wani ƙauye mai nisa, aka ɗebo ruwan rijiyarsu, aka dama fura da shi. Yayana kuma aka kai shi ƙuryar ɗaki, wai kada baƙo ya ga kumburarriyar ƙafa.

Babban ya sha, ya ƙara. "Alhamdulillahi! Ko famfon Kaduna bai kai wannan ba."

Na ce, "Yallaɓai, ba shi muke sha ba. Taso in kai ka tafki."

Mai gari ya galla mini harara. "Kul! Baƙo za ka ja zuwa taɓo? Ranka ya daɗe, rabu da shi, lafiya lau muke, sai godiyar Allah."

Baƙon ya dubi agogo, ya ce lallai akwai garuruwan da suka fi mu matsuwa. Aka cusa musu zabi da ƙwai a mota.

Za mu tashi Goggo ta ja ni gefe, bakinta har kunne. "Ɗan nan, mun fita kunya ko?"

Na ce, "Kun fita, Goggo."

To me zan ce mata? Ina kallo ta koma ta tace ruwan tafki da gefen mayafi, ta nufi ɗakin yayana.

Da la'asar sakaliya muka iso Katsina, suna ta yaba mini garinmu, wai albarka ta zauna a can. Abin da tafiyar nan ta koya mini ɗaya ne: mu, mun fi tsoron kunya a kan ciwo. Mai magani ya zo har ƙofar gida, muka rufe gyambon da sabon zane. Baƙi sun sha ruwa mai kyau na yini guda, mu kuma mu da tafki sai illa ma sha Allahu.