Idi, Mai Arabiyyar da Ya So Tseren Ƙanƙara

Shekara tara ke nan cur da muka yi wa Idi salla a Harami muka kai shi makwancinsa. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in fasa, domin akwai wata magana da na riƙe tun ranar da ya faɗi, ban gaya wa iyalinsa ba. Bana dai na ga shekaru na tafiya, gwiwata ma ta fara ba ni labari.

Ni da Idi a unguwar Nakkasa muka tashi, gidajenmu na kallon juna a kan tudu. Sana'armu ɗaya: tura tsofaffi da marasa lafiya a keken da muke kira arabiyya, tsakanin Safa da Marwa, sau bakwai. Mutumin da bai taɓa taka dusar ƙanƙara ba, wanda ko ruwan sanyi ya sha sai ya yi tari, shi ne Allah ya jarabce shi da son tseren ƙanƙara. A wata gahawa, wato gidan shan shayi, a unguwar Hindawiyya ya fara ganinsa a talabijin, ana neman tashar ƙwallo aka faɗa kansa. Kowa ya ce a wuce, Idi ya ce a dakata.

Ba kowane tseren ya damu da shi ba, sai na mutum bibbiyu. Kowace ƙasa takan fito da maza biyu, da dogayen alluna a ƙafa da sanda biyu a hannu. Na farko zai zagaya fili, ya hau tudu ya gangaro, ya zo ya taɓa jikin ɗan'uwansa da hannu, shi kuma ya ɗauka. Haka za su yi ta karɓeɓeniya, kowa sau uku. Akwai wurin da aka shata don taɓawar, wanda ya taɓa a wajensa ya jawo wa ƙasarsa hukunci. Idi ba ya jin yaren masu sharhin, da ido ya gano duk wannan. Abin da ya fi burge shi, wanda ke jira ba ya zama. Yana ta motsa jiki, idonsa na kan hanyar da abokinsa zai ɓullo.

“Yakhi Bala, ɗan'uwana, waɗannan 'yan arabiyya ne,” in ji shi, “sanyi kawai ya fi musu yawa.”

Daga nan ya kawo mana tsari. A da kowa da alhajinsa, ka tura bakwai ɗin kai kaɗai har numfashinka ya sarƙe. Idi ya ce mu haɗu a kan keke ɗaya: ɗaya ya kai Marwa ya dawo, ɗayan na biye da jakar alhaji da ruwan zamzam, a Safa a dafa kafaɗa a canja. A Safa kaɗai, ba a tsakiyar hanya ba, don kada alhaji ya rikice a lissafin zagayensa. Abokan aiki suka yi ta yi mana dariya, suna kiranmu Turawan Nakkasa. Amma mun fi su jimawa a tsaye, kuma tsofaffi suna son mu don ba ma fizgar su a hawan tudu.

Wani lokaci nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Layinmu na Nakkasa an rushe shi, ni ina unguwar Jarwal a ɗakin haya, iyalinsa sun koma bayan gari. A Harami motocin lantarki sun karɓe rabin aikin da muka sani. Tseren nasa kuwa yana cikin wayar kowa, jikokina kan nemo mini shi, suna tambayata da Larabci abin da na gani a ciki. Na san zai yi murna da wayar. Motar lantarkin ce zai harara, ya ce wa za ka dafa a jikinta.

Ga maganar da na riƙe. Ranar, bayan la'asar, muna tura wani dattijo mai jiki. Zagaye na biyar da na shida na Idi ne. Da muka isa Marwa sai ya miƙo hannu ya dafa ni.

“Bala, karɓi. Wallahi ta'aban nake, na gaji.”

Na ɗauka irin tsokanarsa ce. Na ture hannun ina dariya na ce, “Nan Marwa ce, Malam. Kai ka kafa doka, a Safa ake taɓawa. Yalla, mu je.”

Ya yi murmushi ya ce, “Tayyib.” Ya tura na shidan har ƙarshe, ya hau tudun Safa da dattijon, ya dafa kafaɗata, ya jingina da bango. Na yi na bakwai ni kaɗai. Da na dawo na tarar mutane sun kewaye shi. Kwana uku ya yi a asibiti ya cika, likitoci suka ce zuciya ce.

Na sani ajali ba ya wuce lokacinsa, na kuma yi imani da haka. Amma sanin bai hana ni jin kunya da baƙin ciki ba. Shekara da shekaru yana nuna mini cewa aikin mai jira shi ne ya sa ido a kan ɗan'uwansa. Ni na haddace inda ake taɓawa, ban kalli fuskarsa ba. Idan aka tambaye ni yadda abin ya faru, sai in ce ya gama zagayensa ya zauna. Ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗi gaskiya ba.

Abin da ya rage na Idi ba shi da yawa a ido. Bai bar gida ba, unguwar ma babu ita. Akwai dai mutum uku ko huɗu cikin tsofaffin 'yan arabiyya da har yanzu suke aiki bibbiyu, ba su ma san wa ya fara ba. Akwai 'yarsa Maryam, mai irin dariyarsa. Akwai kuma ni, da na koyi duban fuskar mutum idan ya ce ya gaji, ko da a makare na koya.

Makon jiya, kafin in aika wannan rubutu, na je wurin matarsa, Hajiya Rabi, don kada ta ji a jarida. Na zauna a bakin ƙofa na faɗa mata komai, kaina a sunkuye. Ta bari na gama, ta tura mini kofin shayi.

“Malam Bala, ai Abu Maryam ya gaya mini tun a mustashfa, yana kan gadon asibiti,” ta ce. “Ya ce ba ka da laifi, shi ya ɓoye maka ciwon. Ya ce kada in tayar maka da maganar, in ka shirya za ka zo da ƙafarka.”

Ta gyara mayafinta ta ce, “Halas, ga shi ka zo. Amma ka daɗe.”