Turmin da aka tokare mota da shi

Muna zaune a Maiyama a lokacin, tun ƙasarmu tana cikin jihar Sakkwato. Maigidana direba ne, yana da tsohuwar a-kori-kura da yake ɗaukar albasa daga gonakin Jiga Birni zuwa kasuwar Aliero, wani lokaci har Jega. Hannunsa na dama da motar nan su ke ciyar da mu, ba mu da gona ko taku ɗaya. Mutum ne mai kirki, amma in ya kafe a kan abu sai dai ka ba shi hanya.

Motar ta daɗe tana yoyon baƙin mai. Duk inda ta kwana sai ta bar tabo a ƙasa, rigunansa kuwa na wanke har hannuna ya gaji. Bakanike a Jega ya gaya masa wata roba ce mai kama da awarwaro ta cinye, wadda suke kira oyil sil, a bayan inji take, kuma ba a kai gare ta sai an sauke giyabos, wato akwatin giya. Ya ce a bar motar ta jira layi a kan ramin garejinsa da ake shiga a yi gyara ta ƙasa. Ga albasa ta fito, kowa yana neman mota. Maigida ya sayi robar ya dawo gida, wai shi da ƙanensa za su sa.

Rami ba mu da shi, jak ɗin ɗaga mota kuma ɗaya ne. Direbobin garinmu in za su shiga ƙarƙashin mota, turmi suke kifewa su tokare ta. Ya aro ɗaya a maƙwabta, ya shigo neman na biyu. Ina cikin daka a nawa mai kyau, sai ya wuce ni ya ɗauko tsohon da na jingine a bayan ɗakin girki.

Na ce, "Malam, wanga turmi ya tsage, gara ta ci gindinai. Jira in ƙare in ba ka wanga."

Ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya ce, "Icce na mai ƙwari. Ke dai yi dakanki."

Daga waje turmin lafiya lau yake. Mai daka ce kaɗai ta san yadda ƙararsa ta sauya. Na sake faɗa, ya riga ya kai zaure.

Hantsi ya yi ina tankaɗe, ina jin ƙarar ƙarafa daga ƙofar gida. Sai na ji wani sauti kamar an fasa ƙwarya, motar ta yi gib. Ban ji muryarsa ba, ta ƙanensa na ji yana salati yana kiran mutane. Ban taɓa fita ƙofar gida da rana ba mayafi ba sai ranar. Maza sun taru sun ciccibi motar, aka jawo shi. Turmin ya rabe biyu, ƙarfe ya sauka a damtsensa na dama. Robar tana gefe a kan buhu, ko takardarta ba a cire ba.

Aka kai shi Aliero wurin masu ɗori. Na bi shi, na zauna ina yi masa kunu har aka kwance karan ɗorin. Mai ɗorin dattijo ne, ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ƙashi ya haɗu sarai. Amma yatsun sun lanƙwashe, ba sa buɗewa ba sa damƙa. Dattijon ya ce, "Ƙashi shi an nawa. Jijiya sai Allah."

Na yi fushi da shi a kwanakin nan, fushi mai tsanani, kuma ban iya faɗa masa ba. Ina za ka kai faɗa wurin mutumin da kake ɗaura wa zariyar wando?

Da muka dawo, ƙanen ya riga ya ja motar zuwa Jega an sa robar, yoyo ya tsaya. Wata safiya Maigida ya shiga ya zauna a mazauninsa, ya tayar da ita da hagu. Ina leƙe ta zaure. Ya ɗora hannun daman a kan giya, ya tura, hannun ya zame. Ya sake, ya zame. Ya daɗe a zaune inji yana aiki, sannan ya kashe ya miƙa wa ƙanensa makulli.

Mazan unguwarmu a ƙofar gida suke cin tuwo tare bayan magariba, kowa a fito da akushinsa. Da yammar ranar na zuba nasa zan aika, ya ce, "Bar shi nan ciki." Ya kori yara tsakar gida, ya saki labule. Na miƙa masa ruwa, ya wanke hannun hagu. Ya ce in juya baya, na juya.