Karen Marigayi Yayana Da Ya Kai Ni Asibiti

Zuwa ga Mai Girma Dagacinmu, da Limaminmu, da Malamin ajinmu na yaƙi da jahilci, da dukkan jama'ar wannan zaure. Bayan gaisuwa da ladabi.

Ni ne Malam Sabi'u, shugaban manoman gyaɗa na unguwarmu da ke bayan garin Kankia. Shekara biyu ke nan ba ku ji muryata a nan ba. Yau ba murya na turo ba. Da hannuna na rubuta wannan, harafi bayan harafi.

Ciwon ya faro ne a gona. Ina duban kunya sai in ga kamar hayaƙi ya kwanta a kanta. Kafin a cire gyaɗa, fuskar mai ɗakina Hajara ta koma inuwa mai magana.

'Ya'yana suna Kudu. Hajara kuwa ciwon gwiwa ya hana ta nisa.

Wata rana da hantsi ina zaune a ƙofar gida, sai na ji hanci mai sanyi a tafin hannuna. Barsu ne, karen farautar yayana Audu. Rabon da a gan shi tun ranar jana'izar Audu, wata goma sha ɗaya.

Na tambayi Liman. Ya ce a mazhabarmu jikin kare mai rai ba najasa ba ne. Na ɗaura masa igiya.

Ba inda nake so yake bi da ni ba. Hanyoyin Audu yake bi. A gindin tsamiya sai ya tsaya daidai tsawon gaisuwa, sannan ya wuce. Haka wajen maƙera. Duk inda muka tsaya, hira takan mutu.

Da aka yi shelar likitocin ido sun zo wani asibiti na kwana biyu kacal, na ce masa, "Barsu, asibiti." Ya miƙe.

A bakin ƙofa maigadi ya tare mu.

"Baba, mi ya kawo kare nan? Ɗaure shi waje."

Na ce, "Ɗana, idona kake cewa in ɗaure."

"To ku koma tare, kai da idon naka."

Ranar farko ta wuce ina zaune a bakin katanga. Na ji tsoron zan mutu cikin wannan hayaƙi.

Washegari wata likita ta fito ta tarar da mu. Ta ce wa maigadin, "Akwai doka a ƙasar nan da ta hana a nuna wa mai naƙasa wariya. Da sanda ya zo, za ka karɓe ta?" Ya buɗe.

Barsu ya wuce ɗakin masu ido bai tsaya ba. Ya ja ni har ɗakin kwanciya na maza, ya kwanta ƙarƙashin wani gado. Wata tsohuwar ma'aikaciya, Inna Talatu, ta yi salati, ta ce a hankali, "A gadon nan mai karen nan ya cika."

An auna jinina da sukarina, an haska fitila cikin idona. Likita ta ce, "Yanar ido ce, Malam. Tana fita." An yi aiki, an rufe idon da auduga. Barsu ya jira a baranda, da izini.

Da aka buɗe, na ga bango, na ga hannuna. Na fita na durƙusa in ga wanda ya ja ni wata bakwai.

Idanunsa duka biyu fari fat.

Na gaya wa Hajara. Ta ce, "Malam, kowa ya sani. Wa zai gaya maka?"

Na gode wa Allah, na gode wa likita. Maigadi ya nemi gafara, na yafe.

Shawarata: wanda ya ga hayaƙi a idonsa ya tafi asibiti da wuri, kada ya tsaya ɗiga ruwan ganye. Masu tsaron ƙofa kuma, kada ku raba mutum da abin da yake tafiya da shi.

Waɗanda suka shaida wannan al'amari su ne: Liman Malam Haruna, da Isiya maƙeri, da Hajara, da Inna Talatu ma'aikaciyar asibiti. Barsu ma yana wurin tun farko har ƙarshe, amma shi bai ga komai ba.