Matsafin da Mama ta kama a ɗakina

Ko na tsufa na manta sunayen ɗalibaina kaf, ba zan manta makon da Mama ta daina cin abinci kwano ɗaya da ni saboda wasan kwamfuta ba.

Lokacin ina koyarwa a wata sakandare a Kafanchan. Duk Asabar ni da abokaina biyu mukan haɗu ta intanet mu buga wani gem na yaƙi da dodanni. A wasan ba kai kake ƙera mutuminka ba, a shirye suke: mayaƙi, maharbi, mai warkarwa da mai sihiri. Wanda ka ɗauka, da shi za ka tafi har ƙarshe. Abokaina suka riga ni kwashe biyun farko. Mai warkarwa kuwa raina shi na yi, mutumin da ko mari ba ya iya yi. Na ɗauki mai sihiri, muka laƙaba masa "matsafi" don tsokana. Shekara biyu ina rainonsa.

Mama ta zo hutu daga ƙauyenmu wajen Nok bayan haƙar citta. Wata Asabar da rana dodo ya tasa mu gaba, na kwarara ihu: "Ku matsa, ni ne matsafi a nan! Bari in kira wuta!" Ina juyowa na gan ta a bakin ƙofa da kwanon pate. Ta ajiye shi a ƙasa, ta fita.

Dariya na yi, don wauta. Amma daga ranar sai ta zuba nata abincin daban ta shige ɗaki. Kwana huɗu hankalina ya ƙi kwanciya. A aji in rubuta abu a allo in goge, in dawo gida in yi ta safa da marwa a ƙofarta, ina jin tana addu'a da yarenmu tana ambaton sunana. Na yi bayani har bakina ya gaji. "Ba wani ne ya gaya mini ba," in ji ta. "Da kunnena na ji."

Haushi ya sa na je na ɗauko fastonmu. Ya gyara tabarau ya leƙa kwamfutar, ya kwashe da dariya. "Mama, wannan katun ne kawai. Ba komai a ciki, ki kwantar da zuciya." Ni kuwa har da karkaɗa ƙafa, wai na yi nasara.

Bayan ya tafi ta jawo kujera ta ce in nuna mata sauran mutanen. Ta ɗora yatsa kan ɗaya. "Wannan mai farin riga, menene aikinshi?"

"Warkar da waɗanda suka ji ciwo, Mama."

"To yana nan, ka bar shi, ka ɗauki wancan?"

Sai ta gaya mini abin da ban taɓa ji ba. Babanta ne mai tsafin ƙauyensu. Ranar da ta yi baftisma ya watso kayanta waje, bai sake kiran sunanta ba har ya mutu. "Sunan da na gudu na bari," ta ce, "shi na zo na samu a bakin ɗana."

Kunya ta rufe ni. Shekarata talatin, ban taɓa tambayar dalilin da ya sa ba ta zancen kakana ba.

A gabanta na goge matsafin, ko da yake ba ƙaramin ciwo na ji ba. Abokaina suka zage ni tas. Na koma matakin farko da mai farar rigar nan da na raina. Da yamma Mama ta fito da kwano ɗaya da cokali biyu.

Har yau na san gaskiya ce fasto ya faɗa, katun ne. Amma tun ranar, in wani ya tsorata da abin da nake wa dariya, nakan fara tambayarsa abin da ya taɓa gani kafin in tafi neman shaidu.